Mabuɗin shiga ya ƙi aiki a kwamfutar shago

Assalamu alaikum. Don Allah masana harkar kwamfuta, a taimaka mini.

Ina sayar da kayan gini a Sabon Garin Zariya, ni da yara uku. Tun da aka yaudari ɗayansu aka karɓe kalmar sirrin imel ɗin shago, na koma amfani da passkey, wato mabuɗin shiga da ke maye gurbin kalmar sirri, a asusunmu na Google, ka ɗora yatsa kawai ka shige. A wayata lafiya lau, har ya biyo ni da kansa zuwa sabuwar Android da na saya.

Tsohuwar kwamfutar tebur ce ta ƙi. Takan nuno lambar QR, in haska da waya, ta yi ta juyawa har ta gaji, ga kwastoma tsaye yana jiran rasit. Wani mai gyara a unguwar PZ da ke nan Zariya ya ce sai da Bluetooth a duka biyun, ita kuwa ba ta da shi. Ɗan ƙaramin nan da ake sokawa a USB zai wadatar?

Sannan yaro ɗaya zai bar aiki bayan Sallah, mabuɗin kuma yana wayarsa. In na goge shi daga saitin asusun, shi ke nan, ko da sauran aiki?