Tarin 'yata da sanyin bana: hazo ne ko hayaƙi?

Baban Hauwa, Hunƙuyi:
Assalamu alaikum. Ni manomi ne, gidana yana bayan garin Hunƙuyi. Tun shigowar sanyi 'yata mai shekara 5 take tari da daddare, wani lokaci har ƙirjinta yana fito kamar an busa usur. Da damina lafiyarta lau. Bara ma haka muka yi fama tun daga Disamba har saukar ruwan farko. Uwarta ta ce hazo ne, a dage da hula da safa. Maƙwabcina kuma ya rantse hayaƙin motoci da janaretocin Zariya ne iska take kwaso mana. Abin da ya ɗaure min kai, ranar da hazo ya rufe gari har ba ka hango rimin bakin hanya, tarin bai kai na wasu ranakun da gari yake tas ba. Masu sani, a taimaka.

Malamin Kimiyya, Samaru:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba ta lafiya. Maƙwabcinka dai ya ɗora wa Zariya laifin da ba nata ba. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, ku kuma kuna arewa da birni, don haka hayaƙinmu nesa da ku take kai shi. Ƙurar hazon daga Sahara take, mafi yawanta daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi, inda ruwan tsohon tafki ya ƙafe ya bar farar ƙasa mai laushi kamar gari.

Amma ka lura da asuba. Idan dare ya yi sanyi kuma babu iska, iskar da ke kusa da ƙasa takan fi ta sama sanyi da nauyi, sai ta ƙi tashi. Duk hayaƙin da aka yi a unguwa nan zai kwanta, daidai tsayin hancin yaro, sai rana ta ɗaga ya watse. Irin wannan daren ne gari yake wayewa tas. Me ake ƙonawa kusa da gidanka?

Hajiyar Tudun Wada:
Baban Hauwa, tambaya ɗaya: kuna shigar da kaskon garwashi ɗaki ku rufe ƙofa? Na yi aikin jinya shekaru da yawa, kuma wannan ne abin da nake fara tambaya. Ba tari kaɗai ba, gawayi a rufaffen ɗaki yana kashe mutane cikin barci, iskarsa mai guba ba ta da wari. Wannan fiton ƙirjin kuma ka kai ta asibiti a duba ko asma ce, kada ka tsaya sayen maganin tari a kemis. A yayyafa ruwa kafin shara, kuma a fitar da ita daga tsakar gida in ana casa ko shiƙa. In zafi ya shigo da ƙura wajen Maris, lokacin sanƙarau ne, a tabbatar ta yi rigakafi.

Mai Rake:
To, na ga inda maganar ta dosa. Yanzu lokacin mazarƙwaila ne, wuta ba ta mutuwa a wurin dahuwa, kuma da ita muke ci. Sai dai in ce masu cinna wa ciyawa wuta don farautar gafiya su ne ba su da hujja.

Baban Hauwa, Hunƙuyi:
Hajiya, kin kama ni, kullum da kasko muke kwana. Malam, wurin dahuwar mazarƙwailar ƙanena yana bayan katangarmu, tagar ɗakin yaran ma can take kallo. Yau zan mayar da su ɗakin kudu. Asibiti kuma sai jibi in Allah ya kai mu, gobe ina da masu cire min tumatir a fadama.