Musayar Waƙa a Kan Ma'anar Adalci

Tsohon magatakardan kotu, Tudun Wada

Assalamu alaikum. Na yi aikin rubuta shari'u har na ajiye aiki, kuma tambayar da ke damuna ita ce ko duk hukuncin da ya bi doka sau da ƙafa ya zama adalci. Na ɗora amsa-amon a kan "ci", mai amsawa ya riƙe shi.

Da sunan Allah nake farawa,
Sarkin da ya haramta wa kansa zalunci.

Ya ku malaman Zazzau, ina tambaya,
Ku fayyace mini ma'anar adalci.

Na ga mai gaskiya ya zo ba shi da shaida,
Ya bar kotu da hawaye da ɗaci.

Na ga mai ƙarya ya kawo shaidu biyu,
Aka miƙa masa gonar bisa hukunci.

Alƙalin bai karɓi ko anini ba,
Doka ya bi, babu son rai, babu ha'inci.

To wannan da aka yi, me za mu kira shi,
An cika ƙa'ida, an bar mai haƙƙi a ƙunci?

Ɗalibar shari'a, Kongo

Wa alaikumus salam, Baba. A gafarce ni da sa baki a gaban manya. Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ce a saurari kowa cikin lokacin da ya dace, kuma wanda ake tuhuma marar laifi ne har sai an tabbatar da laifinsa.

Baba, alƙali ba ya ganin zuciya,
Hujjar da ke gabansa ita ce tushen hukunci.

Da za a ƙyale shi ya yi aiki da zato,
Da manya sun saye zaton da kuɗi da kusanci.

Hujja tana wuyan wanda ya yi da'awa,
Fiƙihu da boko a nan ba su da bambanci.

Wanda ake ƙara dole a ji ta bakinsa,
Ko da gari duka na kallonsa da ƙasƙanci.

Gara mai laifi ya kuɓuta wata rana,
Da a ɗaure marar laifi bisa ganganci.

Mai awon hatsi, kasuwar Sabon Gari

'Yata, Allah ya yi miki albarka. Ni karatuna bai yi nisa ba, abin da ido ya gani zan faɗa.

Abin da kika karanto, 'yata, daidai ne,
Sai dai hanyar isa gare shi tana da ƙunci.

An kama yaron maƙwabcina kan zargin satar waya,
Aka ajiye shi gidan yari jiran hukunci.

Yau an ɗage zama, gobe mai ƙara bai zo ba,
Jibi takardu sun ɓace saboda sakaci.

Damina ta wuce, wata ta zo ta same shi,
Uwarsa ta sayar da akuyarta don kai abinci.

Ranar da aka sallame shi, aka ce ba shi da laifi,
Wa zai biya shi watannin da ya yi ba 'yanci?

Ni a rumfata ga yadda na san abin:
Mudun saye shi ne na sayarwa a kasuwanci.

Wanda ya bubbuge gindin mudu ya lotsa ciki,
Tsohuwa ta koma gida da tauyayyen abinci,

Ba kotun da za ta taɓa jin labarinsa,
Amma Muɗaffifina ta yi masa alkawarin ƙunci.

Mai nazarin falsafa, Samaru

Alhaji, kukanka tsohon kuka ne. Masanin falsafa Aflatun, almajirin Sokratis, ya rubuta wannan gardama a ƙasar Girka tun ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma a shekarar 1971 wani masani a Amurka, John Rawls, ya sake tayar da ita ta wata fuska.

Wani ya tsaya gaban Sokratis ya ce masa,
Maslahar mai ƙarfi ake wa suna adalci.

Aristotal kuwa gida biyu ya raba shi,
Ya ce kowane gida da irin nasa alƙalanci.

Ɗaya rabo ne gwargwadon cancanta,
Ɗaya mayar da haƙƙi bayan an yi zalunci.

Rawls ya ce ka tsara doka ba tare da sanin
Ko a wadata za a haife ka ko a talauci.

Ba ka san ko ɗan sarki za ka tashi ba,
Ko almajiri mai yawon neman abinci.

Wanda bai san matsayin da zai faɗa ba,
Ba zai yarda a bar na ƙasa a wulaƙanci.

Kamar mai kasa naman watanda ne,
In shi zai ɗauka a ƙarshe, ba ya bambanci.

Malamin zaure, Unguwar Juma

Malam magatakarda, tambayarka tana da amsa a hadisin Ummu Salama da Buhari da Muslim suka ruwaito, kuma ni a ganina laifin shari'ar da ka bayar ba a kan kujerar alƙali yake ba.

Manzon Allah ya ce ku kan kawo mini ƙara,
Wataƙila wani ya fi wani iya zance da lauyanci.

Sai in yanke masa bisa abin da na ji,
To kada ya ɗauki haƙƙin ɗan'uwansa da ha'inci.

Yankin wuta ne aka yanka aka ba shi,
Haram ba ta zama halal don an yi hukunci.

Umar ya rubuta wa Abu Musa al-Ash'ari:
Daidaita mutane a fuska da zama da alƙalanci,

Don kada babba ya sa ran za ka karkata,
Kada mai rauni ya fid da rai da adalci.

Suratun Nisa'i ta ce ku tsaya da shaida,
Ko a kanku, ko iyaye, ko 'yan zumunci.

Ma'ida ta ce ƙiyayyar da kuke wa mutane,
Kada ta sa ku kauce ku yi musu zalunci.

Shehu ɗan Fodiyo ya gargaɗi masu mulki,
Mulki na ɗorewa da kafirci, ba ya yi da zalunci.

Mai gonar nan yana da maƙwabtan iyaka,
Sun san gaskiya, suka noƙe don gudun ɓacin zumunci.

Baƙara ta ce mai ɓoye shaida zuciyarsa ta yi laifi,
Su ne suka kayar da shi tun kafin hukunci.

Uwar marayu, Kwarbai

Allah ya gafarta Malam, maganar shaida ta taɓa ni, domin ita ce ciwon da nake jinya.

Maigidana ya rasu ya bar ni da 'ya'ya,
Mace da namiji, suna cikin maraici.

Yayansa ya riƙe gida da shagon haya,
Ya ce sai sun girma, yanzu ba lokaci.

In na yi magana a ce Hajiya yi haƙuri,
Kai ɗan'uwa kotu yana yanke zumunci.

Kullum mai rauni ake ba wa haƙuri,
Ban ga an je an ba mai ƙarfi shawarar sassauci.

Dattawan unguwa sun san abin da ya bari,
In na tambaye su, sai su ce ba su da lokaci.

Ɗalibar shari'a, Kongo

Inna, sannu da ɗawainiya. Rabon gado aikin kotun shari'ar Musulunci ne, kuma wanda hukunci bai gamsar da shi ba yana da damar ɗaukaka ƙara har zuwa kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a da ke Kaduna.

Inna, tumunin dukiyar naki ne a aya,
Ba kyauta ba ce da za a yi miki don karamci.

Ɗa namiji yana katange 'yan'uwan mamaci,
Yayan ba shi da kaso, riƙo ne kawai na wakilci.

Ki adana takardar gida da rasiɗin haya,
Ki nemi wanda zai tsaya miki cikin dangi ko maƙwabci.

Malam, tunda kai ka kawo ayar shaida,
Ka taimaka ka kai ta zauren dattawan a kan lokaci.