John Donne tsakanin son mace da son Ubangiji, da abin da T. S. Eliot ya ɗauka a wurinsa

Malam Garba: Abin da nake riƙe da shi shi ne John Donne, mawaƙin Ingila da ya rayu daga 1572 zuwa 1631, rayuwa biyu ya yi. Akwai saurayin da ya lallashi budurwa da hujjar cewa ƙuma ɗaya ta cije su, jininsu ya riga ya gauraya a cikinta, akwai kuma malamin coci da aka naɗa a 1615, wanda ya shugabanci majami'ar St Paul ta Landan daga 1621. Shi da kansa ya raba "Jack Donne" da "Dakta Donne" a wata wasiƙa, kuma saurayin nan ne mawaƙan sabon salo na ƙarni na 20, irin su T. S. Eliot, suka yi koyi da shi.

Malama Hadiza: Allah ya gafarta Malam, wannan wasiƙa a kan wani littafin zube da ya rubuta game da kashe kai take magana, ba a kan waƙoƙinsa ba. Yawancin waƙoƙin ba su da kwanan wata, domin a rubuce da hannu suka riƙa yawo tsakanin abokai, ba a tattara su an buga ba sai 1633. Masana da yawa na ganin akasarin waƙoƙinsa na ibada an rubuta su shekaru kafin a naɗa shi. A wata waƙar soyayya ya mayar da masoya biyu waliyyai waɗanda za a riƙa kamun ƙafa da su, a wata ta ibada kuma ya roƙi Ubangiji ya fasa zuciyarsa, yana cewa ba zai tsarkaka ba sai an ƙwace shi da ƙarfi. A ina Malam zai shata iyakar?

Dakta Ishaya: Malama ta yi gaskiya, kuma ba Donne ne ya ƙago wannan harshe ba, tun da Kiristoci sun daɗe suna karanta Waƙar Waƙoƙi ta cikin Littafi Mai Tsarki a matsayin zancen Almasihu da ikilisiya amaryarsa. Sai dai ban yarda cewa so biyun sun zauna lafiya a zuciyarsa ba. Ya auri Anne More a asirce a 1601, auren da ya jawo masa kurkuku da rasa aikinsa. Da ta rasu a 1617, ya rubuta cewa ƙaunarta ce ta wasa shi ya nemi Allah, amma a cikin waƙar ya siffanta Allah da mai kishin kada zuciyarsa ta karkata ga waninsa.

Malam Garba: To, Dakta, ai kishin nan ya tabbatar da maganata cewa abu biyu ne. Na janye batun shekaru, amma ban janye batun Eliot ba. Sharhin da ya rubuta a 1921 a kan tarin waƙoƙin Donne da mawaƙan zamaninsa da masani Herbert Grierson ya fitar yabon yadda tunani da shauƙi suke haɗuwa ne, bai tsaya a kan ibada ba. Abin da ya ara a waƙarsa ta 1922, The Waste Land, ma daga waƙar zawarci ta Andrew Marvell, wani mawaƙin Ingila na ƙarni na 17, ya fito.

Hajiya Binta: Ku yi mini afuwa, ina ganin dukkanku kun ba Donne fiye da rabonsa. Eliot ya gamu da mawaƙin Faransa Jules Laforgue ta littafin Arthur Symons a 1908, kuma a nan ya samo muryar gatse da ake ji a waƙoƙinsa na farko. Ya ɗaga Donne ne domin yana neman magabaci a adabin Ingilishi da zai halatta wahalar waƙoƙinsa. Da'awarsa cewa tunani da shauƙi sun rabu tun a cikin ƙarni na 17 kuwa, mai sharhin adabi Frank Kermode ya yi mata kaca-kaca a 1957.

Malama Hadiza: Ranki ya daɗe, ko da neman magabaci ya kai shi, abin da ya zaɓa yana da ma'ana. A aron da Malam ya ambata, Marvell yana jin karusar lokaci a bayansa yana gaggauta masoyiyarsa, Eliot kuwa ƙarar ƙasusuwa da ta motoci yake ji, saduwar da ya zana tsakanin akawu da mai buga tafireta kuma babu tsarki babu daɗi a cikinta. Wanda bai san an taɓa haɗa so biyun ba ba zai gane abin da aka rasa a nan ba.

Dakta Ishaya: Akwai abin da ya rage, Malam Garba. Tun a 1926 Eliot ya fifita wa'azin Bishop Lancelot Andrewes a kan na Donne, a 1927 ya shiga cocin Ingila, daga baya kuma ya karkata ga George Herbert, mawaƙi kuma malamin coci, wanda So ne mai masaukin baƙi a waƙarsa, yana janyo mai zunubi zuwa ga abinci. Ƙauyen Little Gidding, inda Eliot ya samo sunan waƙarsa ta 1942, can Herbert ya aika da rubutunsa ga abokinsa Nicholas Ferrar gab da rasuwar Herbert ɗin a 1633. Idan saurayi Donne kaɗai ya gada, me ya kai shi wannan ƙauye?