Baba ya yi ritaya katin asibitinsa ya daina aiki, ina mafita?

Ɗan Gangare:
Salam jama'a. Dan Allah wanda ya san kan harkar inshorar lafiya ya taimaka min. Babanmu ya yi shekara 35 yana aikin gwamnati, lokacin yana da kati, in ya je asibiti kashi 10 na kuɗin magani kawai yake biya. Yana yin ritaya aka ce sunansa ya fita, kuma yanzu ne fa hawan jini da ciwon suga suka taso shi gaba. Jiya da asuba na shiga gaishe shi na tarar yana raba ƙwayar hawan jini biyu da reza wai don ta kai shi ƙarshen wata, wallahi kasa magana na yi na fito. Fanshon ba ya kai ko'ina. Shin babu wani tsari na tsofaffi ne? Ina jin ana maganar PLASCHEMA, hukumar inshorar lafiya ta jihar Filato, a rediyo amma ban gane ko da irinsu Baba a ciki ba.

Maman Ilham:
Wa alaikumus salam, Allah ya ba Baba lafiya. Ni nas ce, abin da zan fara roƙonka ɗan'uwa ku hana shi raba maganin nan sai da izinin likita, shanyewar ɓarin jiki ba ta sallama, mun ga da yawa. Maganar tsari kuwa akwai. Dokar NHIA, hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, da Buhari ya sa wa hannu a 2022 ta tanadi asusu na masu rauni, tsofaffi suna ciki tare da masu juna biyu da yara ƴan ƙasa da shekara 5 da naƙasassu da marasa hali. Sannan akwai BHCPF, asusun kula da lafiya a matakin farko, tun dokar lafiya ta 2014, wato aƙalla kashi 1 na kuɗin shigar tarayya, rabon talakawan Filato ta hannun PLASCHEMA yake bi zuwa ƙananan asibitocin unguwa. Amma gurbin kaɗan ne, ba kowa ke samu ba. In bai samu ba ku ƴaƴansa ku haɗa ku biya masa na shekara, akwai GIFSHIP na tarayya, tsarin da mutum ke biya da kansa, akwai na jiha. Ku tafi da lambar NIN ɗinsa.

Mai Keke Farin Gada:
Hajiya ki yi haƙuri amma ni na daina yarda. Na yi wa tsohuwata rajista, muka yi sammako muka bi layi tun bakwai har azahar, likita ya rubuta magani huɗu aka ba mu farasitamol ɗaya aka ce sauran babu mu je kemis. To meye amfanin katin in dai aljihuna ne zai sake fitarwa, ga na rasa aikin yini guda.

Malam na Bauchi Road:
Mai Keke abin da ya same ka gaskiya ne amma ka san daga ina yake? Shekaru da yawa, har zuwa 2024, naira 750 aka riƙa ba asibiti a kan kowane mutum a wata, farashin magani kuwa ya ninka ya sake ninkawa, ta yaya za su ajiye insulin da wannan. Tushen rigimar shi ne wa zai biya wa tsoho. Tsoho ya fi kowa zuwa asibiti kuma ya fi kowa rashin kuɗin shiga, in ba matasa masu lafiya da yawa suna zubi a tukunya ɗaya ba tsarin ba zai tsaya ba, mu kuma yawancinmu ƴan kasuwa ne da masu sana'ar hannu babu albashin da za a cira. Ghana tun 2003 suka ɗora kashi 2.5 a kan harajin kaya don inshorar lafiya, ɗan shekara 70 ba ya biyan kuɗin shekara. Amurka ma da duk jarin hujjarsu tun 1965 suke da inshorar gwamnati, Medicare na ƴan 65 da Medicaid na talakawa. Mu a Abujar nan aka yi alkawarin kashi 15 na kasafi ga lafiya a 2001, har yau ba mu cika ba. Ni dai ina goyon bayan a ware haraji na musamman don tsofaffi.

Mai Keke Farin Gada:
Haba Malam, wani harajin kuma? Tikiti nawa nake yanka a rana kafin in ɗauki fasinja ɗaya. A fara nuna min maganin a kantar asibiti tukuna sai in biya da hannu biyu.

Maman Ilham:
Duk da haka kar ku raina katin. Ranar da aka ce kwanciya ko tiyata ne za ka san bambanci, na ga mutum ya sayar da fili saboda gadon sati biyu. In aka ce babu magani ka kai ƙorafi ofishin inshorar da rasit ɗinka, kuma kana da damar canja asibiti.

Ɗan Gangare:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na ɗauke rezar, na kuma sayo masa maganin wata ɗaya da kuɗin da yayata ta turo daga Abuja. Litinin in sha Allah zan je da NIN ɗinsa. Anti Maman Ilham, dole sai na tafi da shi ne ko zan iya fara karɓo fom ni kaɗai? Ƙafarsa ta kumbura, hawa keke yana ba shi wahala.