Shawarar malamai kan karanta labari ɗaya a aji

Jiya bayan la'asar mun zauna da malamai a nan garin Mai Wurno na ƙasar Sudan kan yadda yaranmu ke tsokanar waɗanda yaƙi ya koro daga Khartum tun 2023, wallahi abin na ci mini tuwo a ƙwarya. Yawanci sun ce aji duka ya karanta littafin labari ɗaya babi-babi, in aka zo inda yaron labarin ya shiga uku malam ya tsaya ya tambaya, da kai ne ya za ka yi? Sai a yi wasan kwaikwayo, mai tsokana ya fito a matsayin baƙon, ƙullin kaya a kai kowa na kallonsa. Wata malama ta ce kar a tilasta wa yaron da ya ga yaƙi da idonsa ya fito, a bar shi ya kalla kawai, kuma ni ma haka na gani.