Baba ne ke biyan kuɗin asibiti, amma likita ya ƙi gaya masa komai

Mai tambaya, daga Kurna:
Assalamu alaikum. Ƙanina ɗan shekara 24 yana ganin likitan ƙwaƙwalwa duk bayan sati biyu. Baba ne ke biya, ya nemi jin abin da yaron ke faɗi a ɗakin, likita ya ce ba zai yiwu ba. Baba ya ɗauka raini ne. Doka ce ko son rai?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam. A ba Baba haƙuri, doka ce. Sashe na 26 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya ce bayanin mara lafiya sirri ne, har da kwanciyarsa a asibiti. Ƙofofin da ya bari kaɗan ne: mara lafiya ya amince a rubuce, kotu ta ba da umarni ko wata doka ta wajabta, ƙaramin yaro ne iyayensa suka nema, ba ya cikin hayyacinsa waliyyi ya nema, ko shirun zai jefa lafiyar jama'a cikin babban haɗari. Biyan kuɗi ba ya ciki. Kakin ɗan sanda ma ba umarnin kotu ba ne.

Amsa ta biyu:
In ƙara kan maganar haɗari, don nan aka fi kuskure. Mutum ya ce "na gaji da duniya" bai isa a fasa sirrinsa ba. Likita zai bi diddigi: ya tsara yadda zai kashe kansa? Ya tanadi abin, misali kwalbar fiya-fiya a ƙarƙashin gado? Ya sa rana? Ya taɓa gwadawa? In amsoshin sun nuna abin ya matso, sai ya fara gaya wa mara lafiyar cewa zai kira wani, ya ba shi zaɓin wanda za a kira. Abin da Baba zai ji bai wuce a kwashe guba da magunguna, kada a bar shi shi kaɗai, a dawo da shi asibiti ba. Zancen budurwa ko bashi ba ya fita.

Haka in ya ambaci wanda zai cutar. Shari'ar Tarasoff ta 1976 a Kalifoniya, wadda ta ɗora wa likita nauyin kare wanda ake shirin cutarwa, ce ta shahara a kan wannan, sai dai hukuncin Amurka ne, ba ya ɗaure kotunanmu.

Amsa ta uku:
Ɗan'uwa, mafita mai sauƙi: ƙaninka ya sa hannu a takarda, ya fayyace abin da ya yarda a faɗa, kamar sunan magani da ranar dawowa, ko ya nemi a yi zama ɗaya da Baba. Kuma ba a hana Baba kai bayani ba. In ya ga yaron ya daina barci ko cin abinci, ya faɗa wa likita, amma ya sani likita na iya gaya wa yaron. Sannan ku duba lambar wayar da ke kan katinsa na asibiti. In wayar gida ce, ta nan saƙon asibiti ke faɗawa hannun kowa.