Mota ta buge mai babur: wa zai biya kuɗin asibiti?

Ɗan Sabon Gari:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Idan mota ta buge mutum a kan babur, ya miƙe da ƙafarsa yana cewa lafiyarsa lau, dole ne sai an je asibiti? Kuma inshorar mai motar tana biyan kuɗin magani, ko gyaran babur kawai?

Nas ta Agajin Gaggawa:
Wa alaikumus salam. A kai shi a ranar, Malam. Saifa kan fashe, jini ya riƙa tsiyaya a ciki, mutum yana ta hira har sai jiri ya kayar da shi. Ciwo a gefen hagu na ciki ko a kafaɗar hagu, da zufa mai sanyi, ba abin jira ba ne. Idan kansa ya bugu, a sa masa ido awa 24 zuwa 48: amai a kai a kai, barci mai nauyi ko ruɗewa, a koma nan take. Kada a ba shi diclofenac, ibuprofen ko asfirin, suna ƙara zubar jini. Farasitamol ya isa. Wanda ke kukan wuya kuwa ba a ciccibarsa, a kira Road Safety a 122. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana asibiti ƙin ba da agajin gaggawa.

Mai Harkar Inshora:
Inshorar tana biyan kuɗin magani, amma takarda take bi, ba baki ba. Inshorar dole da ke kan kowace mota don wanda aka buge aka yi ta, ba don mai motar ba. Tun Janairun 2023 NAICOM, hukumar kula da inshora ta ƙasa, ta mai da kuɗinta naira 15,000 a shekara ga motar gida, diyyar ɓarnar dukiya kuma har naira miliyan 3. Babur ya shiga nan. Rauni da kuɗin magani lissafinsu daban.

Kafin a janye motar a ɗauki hoton lambarta, da yadda ta tsaya, da takardar inshorar. A danna *565*11# a duba ko ta gaske ce, don na jabu sun yi yawa, kuma jabu ba ta biyan ko sisi. Sai rahoton 'yan sanda, rahoton likita mai hatimin asibiti, da rasit na komai, har na hoton ƙashi. Mai motar ya sanar da kamfaninsa a rubuce da wuri. Jinkiri na daga cikin hujjojin da ake kafawa a ƙi biya. Idan kamfani ya yi ta jan ƙafa, a kai koke NAICOM.

Baba Direba:
Ku bar ni in ƙara, yarana. Wurin mai ɗori babu rasit, babu rahoto, kuma ɗaurin da ya matse yana kashe ƙafa. Sannan kada a sa hannu a takardar sulhu a ofishin 'yan sanda tun likita bai sallami mutum ba. An karɓi kuɗin gyaran babur yau, bayan sati a ce sai tiyata, takardar kuma ta riga ta ce an yafe.